Labule Mai Taurari

A layin 'yan gwanjo na kasuwar Kafanchan, mata biyu suka kama labule ɗaya, shuɗi mai zanen taurari. Ɗaya na riƙe da makullin mota, ɗaya na goye da jariri.

"Madam, ni na fara ɗauka," in ji mai goyo.

"Kin ɗauka kin ajiye. Tun ɗazu ina kallonki, ki tafi ki dawo, ki tafi ki dawo."

"Don Allah ki bar mini. Na ɗakin 'yata ne."

"Wannan zabgegen? Ai rabinsa ya ishi ɗakin yarinya. Yaya faɗin windon?"

"Ba windo."

"Ɗaki ba windo?"

Mai goyo ta rage murya. "Labulen ne ɗakin. Ɗaki ɗaya muke haya tun da muka baro ƙauye. Babanta zai ja igiya daga bango zuwa bango, mu tura katifarta ciki. Ta je ta gaya wa 'yan makarantar Lahadi wai tana da ɗakinta, har da taurari. Gobe bayan sujada za su biyo ta su gani."

"Sai ki hana ta ƙarya mana."

"Ba ƙarya ta yi ba. Ni na yi mata alkawari, don ta daina kukan gida." Ta share fuska da bakin zani. "Ke fa, Madam, na yaronki ne?"

Mai makulli ta saki labulen, ta sunkuyar da kai.

"Ɗauki, 'yar'uwa," ta ce. "Ni da ma kejin kaji zan rufe da shi."