Kason Tsohuwar Rara

Da kuɗɗin albasa nit tahi Kumasi. Rudu guda, wato rumbun albasa, gare ni shekaran nan, na ɓoye ta ina jiran ta yi tsada, sai nig ga ta soma ruɓewa ta ƙasa, dole nis sayar yadda anka taya. Inna ta ƙara min da ragonta. Kai Sanusi, tunda kai ka zancen tahiya Gana, aje wayag ga ka matso. Sauranku ma ku saurara, na san kowanenku da jikka ɗaure cikin zuciya.

Ban riƙa kuɗɗin ga hannu ba. Ƙanena Nasiru, wanda ka bi min, shi yac ce in zuba su banki in riƙa kati, don hanyar shingaye ta, kowane kat tarar sai an laluba aljihunka. Lokacin katin namu na aiki ƙasashen waje. Na ɗinke shi ga ƙugun wando, na ƙetare iyaka bayan iyaka ba wanda yag gane shi, ina ta jin kaina wani mai wayo.

Ashe masu yanka na can suna jirana jikin bango. Ran da nis sauka, niz zo ga injin cire kuɗɗi, nic cire na tuwo. Washegari nic cire na tabarma. Jibi na sabulu da bokiti. Kuma kowane shiga sai na latsa in ga abin da yar rage, don raina ya kwanta. Ban san ko kallon kuɗɗinka sai ka biya ba. Bankin can ya yanka, bankin gida ya yanka, in sun zo juya naira ta koma sidi, kuɗɗin Gana, su sake yanka. Kahin in samu aiki, ƙahwar ragon Inna guda ta tahi ga mutanen da ko huskarsu ban taɓa gani ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɓarawon hanya ko ba komi kana ganin idonai.

Garin kuwa sai a hankali. Kowa ya gan ka sai ya ce "a kwaba", ni ko in ce mi za a kwaɓa da sassahe haka? Ashe sannu da zuwa ta. Motar haya su ce mata toro-toro, awa ana kiran talo-talo. Hausawan zango ma ba su bar ni na huta ba, mutum da gemunai ya dube ka ya ce, "Matana ya haihu." Ku yi dariya, ni ma na yi, har ran da nij ji bakina ya soma.

Aikina dako na, kasuwar albasa, ina sauke buhu daga manyan motocin da ka zuwa daga Nijar. Can nig gamu da Malam Ɗahiru, dattijo mutumen Goronyo, ya daɗe garin. Shi yaj ja ni ɗakinsu. Duk 'yan gida na: shi, da Haruna mutumen Rara, da wasu samari biyu na Rabah, sai ni na Magarya. Shi yak koya min zama da banki. Yac ce, "Ummaru, inji ba a yi mishi zuwan maƙwabci. Ka tai sau guda, ka ɗebo mai yawa, ka ƙulle. In ya tambaye ka ko ya juya maka lissahi da naira, ka ce a'a, ka bar shi ga kuɗɗin ƙasar, don canjin da shi ka yi na mugunta na. Kuma ka bar leƙen abin da yar rage, ba gudu shikai ba."

Na riƙe karatun nan hiye da yadda yak koya min. Na zan mutumen da ba a cin sisinai. Mai gidan da muka haya, wata ƙatuwar mata da muka ce ma Mame, ta ɗanɗana. Ta iya Hausar zango. Wata rana tat tare ni bakin pampo.

"Aboki, kuɗin ɗaki. Ka tura a waya, ka sa na cirewa a kai."

Nic ce, "Na cirewa kuma? Ni ka cirewa ko ke?"

"Ni zai cire, kai zai biya."

"To ga su ga hannu, ba mai yanka ni, ba mai yanka ki."

"Ba na son takarda, ɓarawo yana yawa."

"Ni ma ba ni son ciyar da kamhwanin waya, 'ya'yana na da yawa."

Tad ɗaga murya da yarensu, maƙwabta sunka hito. Ni ko na tsaya da kuɗɗina ga hannu awa gunki. Daga baya ta amsa, amma ta ruhe muna pampo har kwana ukku, 'yan ɗaki sunka yi ta zagina.

To, wurin aike gida nan aka yi muna babban yanka. Kowa ya tai ga mai canji da ɗan abin da yat tara, a ba shi canjin banza don kuɗɗin ba su da yawa, a cire ladan aike, can gida mai POS ya cire nashi. Malam Ɗahiru ya daɗe da gano maganin wannan. Ƙarshen wata kowa ya kawo nashi, a haɗe, a kai ma mai canji dunƙule guda. In ya ga kuɗɗi da kauri sai ya gyara canji, ladan aike kuma sau guda. A tura ma mutum guda can gida, shi cire, shi bi gida-gida shi raba. Da wani ɗan'uwan Malam ka yin rabon, sai yak koma Legas. Anka ce wa ka da amintacce mai mashin? Nic ce ga Nasiru.

Kun san Nasiru yanzu, ba ku san shi da ba. Yaro na mai dariya, in ya shiga wuri sai an san ya shigo. Kuma ko canjin goro ka bar mishi sai ya biyo ka da shi. Yak karɓi aikin ba ko sisin lada, man mashin kawai muka sa mishi. Ranar kasuwar Rabah shi ka zuwa ga mai POS, don ran nan aka samun tsabar kuɗɗi da yawa. A ƙirga mishi, ya cusa cikin jikka, ya ba mutanen Rabah nasu nan take, ya wuce Rara ya kai ma uwar Haruna, wata tsohuwa da aka ce ma Inna Ige. Ba ta da kowa sai Haruna. Ita ba ta yarda ya juya sai ya sha hura. Na Goronyo da namu kuwa sai washegari.

Lissahinmu ya hita, ba ni ce muku bai hita ba. Abin da muka tsirarwa duk wata ya isa cehwanen mako. Muna can Kumasi muna yaba wayonmu. Abin da ba mu lissahta ba, rumhwar mai POS ba ta da ƙohwa. Duk wata, rana guda, gaban duk wanda yaz zo kasuwa, ana ƙirga ma ɗan manomi damin kuɗɗin da ko dillalin shanu sai ya gyara zama. Wa zai tsaya ya ce na gida biyar na? Magana tab bazu cewa wan Nasiru ya yi arziki Gana. Inna ta taɓa ce min ga waya, "Ummaru, mutane na yi min barka, ban san ta mi ba." Niy yi dariya. Kaico.

Ina tsakar rana da buhu bisa kai anka kira ni. Lambar Nasiru ta, amma muryar ba tashi ba. Mutumen yac ce, "Kai na mai kuɗɗin Gana? Ƙanenka na hannunmu." Sun tare shi tsakanin Rabah da Rara, shi da mashin da jikka. Abin da sunka ambata na hwansa, ko mu duka mun sayar da kanmu ba mu kai shi. Nic ce, "Bawan Allah, ni ɗan dako na." Yac ce, "Ɗan dako ka aiko wanga duk wata? Mun daɗe muna gani." Sai nij ji ana bugun mutum, nij ji Nasiru na cewa, "Ba nashi na ba, na mutane na, wallahi na mutane na." Sunka kashe waya.

Ban san sadda buhun yas sauka daga kaina ba. Na koma ɗaki na zamna, na kasa ko kuka. Ɗan abin da nit tara bai kai ko'ina ba, kuma da wane baki za ni roƙon mutanen da aikensu na wata ya riga ya tahi cikin jikkan nan? Malam Ɗahiru yas shigo, yaj ji. Yab buɗe akwatinai. Shekara da shekaru shina tarin kuɗɗin sayen injin ban-ruwa, don ya koma gida ya yi noman rani bakin dam ya huta da dako. Ya aje su gabana yac ce, "Don mu yaron ga yab bi hanyan nan." Haruna ya kawo nashi, samarin Rabah sunka kawo nasu.

Ran nan ni da ba a cin sisina, ban tambayi canji ba. Mai canji ya ga idona ya san ba ni da zaɓi, ya yanka yadda yas so. Abin da ke cikin kati na cire shi kashi-kashi, inji na ci ina ƙara latsawa. Can gida anka sayar da gonarmu ta hwadama. Anka yi ta ciniki da mutanen daji awa ana sayen sa, har sunka sauko ga abin da munka iya. Sai da wata ya kusa cika sannan sunka sako shi.

Na iso Magarya da jikkata da tabarma, ko tsarabar sabulu babu. Nit tarar da shi kwance ɗakin Inna. Ban gane shi ba da hwarko. Ya rame, ƙahwahunai sun kumbura inda sarƙa tac ci, kunnen hagu kuwa har yau ba shi ji da shi. Na durƙusa gabanai. Na shirya ya zage ni, ko ya juya min baya, da na hi son hakanan.

Yab buɗe ido yad dube ni. Yac ce, "Yaya, ka zo?"

Nic ce, "Na zo."

Sai yac ce, "Na ba mutanen Rabah nasu. Na Inna Ige na ban kai ba. Tana can tana jirana, kuma hatsinta ya ƙare tun wancan zuwan. An kai mata?"

Inna tad dube ni, nid dube ta. Haruna ba shi da sauran ko sisi, duk ya zuba cikin kuɗɗin hwansa. Abin da Nasiru bai sani ba, tsohuwar da kanta ta sa an kai awakinta biyu kasuwa, ta aiko da kuɗɗin ƙulle ga bakin zane, tac ce a ƙara a karɓo mata yaronta Nasiru.

Nic ce, "An kai mata, Nasiru."

Yac ce, "Dukka?"

Nic ce, "Dukka."

Sannan yar ruhe ido yay yi barci. Ni kuwa nit tashi niz zo rumbunmu, nid ɗebi gero cikin ɗan abin da yar rage, nir roƙi aron keke, nik kama hanyar Rara.