Kaset ɗin Idrisa

Tunkiyar Inna aka sayar na yi kuɗin mota. Ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce in na isa Hartum kada in ci amanar kowa, ko ta allura ce. Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku da ba ku san wahalar juya kaset da biro ba.

Lokacin soja na kan mulki, gonar auduga a nan Jazira ta daina ciyar da gida. Na sauka tashar Suk al-Arabi da rana tsaka, 'yan kamasho suna ta ihun sunayen unguwanni, ni kuwa ko gabas ban gane ba. Na kama ɗaki a unguwar Hajj Yusuf wurin wata tsohuwa mai auna mana ruwa da kofi. In na yi wanka sau biyu sai ta ce, “Kai ɗan Jazira, nan ba bakin kogi ba ne.” In ce, “Hajja, ai zufa ce.” Ta ce zufar ma in riƙa tattalinta.

Aiki na samu a shagon kwafar kaset, irin wanda suke kira istiryo. Wata guda ina cewa isturiya, maigidana Mu'allim Usman yana dariya har da riƙe ciki. Injin baki biyu gare shi, na hagu yana karantawa, na dama yana rubutawa. Dokar Mu'allim ita ce duk uwar kaset, wato wadda za a kwafa daga gare ta, da ta shigo shago a fara ɓalle mata ɗan kunnen nan na sama, domin in an ɓalle shi ba a iya naɗar komai a kanta. Ya faɗa mini ya fi sau ɗari.

A wajen mai shayi na san Idrisa. Bahaushen Omdurman ne, sa'ana, yana walda a unguwar Alshajara. Siriri kamar sillen kara, baki kuwa kamar reza. Yana wata irin waƙa da ba rerawa ake yi ba, zuba magana ake yi a kan kiɗa, abin nan da kuke ce wa hip-hop. Ni gambara na ce mata, ya ce in dai zan saurara in kira ta duk abin da na ga dama. Ba a sa irinta a rediyo, ba a kira shi biki. A lokacin ma ka tara mutum goma da kiɗa ba izini, sai ka kwana inda ba ka shirya ba.

Shekara guda ya yi yana haɗa waƙa shida a ɗakin wani mai kiɗan biki, fuska ɗaya ta kaset suka cika. Ya sa mini na ji a gidansu. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Hausa da Larabci yake cakuɗawa, yana maganar mata masu shayi da ake kwashe musu kujeru, da mu da aka haife mu a nan amma kullum ana tambayarmu daga ina muka zo. Waƙar farko da muryar kakarsa ta buɗe, tana irin waƙar da mata ke yi wajen tsinkar auduga. Kwafi ɗaya ne tak, bai rubuta komai a jikinsa ba saboda tsoro. Ya damƙa mini ya ce in fitar masa da ashirin, ya raba wa abokai hannu da hannu.

Na bari sai da Mu'allim ya tafi cin wake da hantsi. Ina sauri, ban ɓalle kunnen ba. Na sa na Idrisa a hagu, sabo a dama, ban ko danna ba sai ga Mu'allim ya dawo da wata uwar amarya. Na fizge su duka biyun na cusa aljihu. Ya miƙo mini kaset ɗin kiɗan dalluka na 'yan mata, ya ce maza a kwafa, hajiya na sauri. Na zaro ɗaya daga aljihu na sa a dama. Kamarsu ɗaya, ya jama'a.

Al'adarmu ce a saurari ƙarshen kaset kafin a ba mai shi. Na sa abin kunne. Kiɗan ya ƙare, guɗar mata ta ƙare, sai muryar Idrisa ta fito, 'yar guntuwa, ita kaɗai ta tsira. Ashe na Idrisa na sa a dama. Na ɓoye shi, na yi wa hajiya wani.

Da a nan na tsaya, da kuskure ne, kowa na yi. Ran Alhamis da la'asar Idrisa ya zo yana fara'a, ni kuma kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ja shi bayan shago na ce masa wasu mutane sun zo cikin farar mota, sun bincike shagon, sun tafi da kaset ɗin. Ya ce, “Mamman, ka faɗa musu sunana?”

Na ce, “Ban faɗa ba.”

Sai ya rungume ni.

Ban taɓa zaton zai gudu ba. Washegari ya ajiye walda ya tafi wajen kawunsa can Gadarif, ya yi shekara biyu yana noman riɗi, yana jiran a manta da shi, alhali ba wanda ke nemansa. Kakar nan tasa ta rasu yana can, tsoro ya hana shi zuwa jana'iza. Ni na je. Na ɗauki makara ma.

Da ya dawo bai ƙara waƙa ba, raksha, babur mai ƙafa uku, ya shiga tuƙawa a Hajj Yusuf. Bai taɓa karɓar kuɗina ba. In akwai fasinja sai ya nuna ni ya ce, “Ya zol, bawan Allah, ka ga wannan? An matsa masa a kaina, bai buɗe baki ba.” Ni kuwa in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne. Sau uku ina shirya gaya masa, sau uku ina ɓigewa da tambayar lafiyar gida.

Da kasuwar kaset ta mutu na dawo gida ba tunkiya ba dalilinta. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfen can, ƙarƙashin rigunana. Abin da ya rage a ciki bai wuce numfashi uku ba. Yana haki, yana dariya, yana cewa, “Gaisuwa ga Mamman na istiryo, shi zai kai mu kunnen mutane.”

Kai Sadiƙu, kullum kana tambayata wane ne saurayin nan mai sunana da ke kirana duk Sallah yana ce mini Baba. Ɗan farin Idrisa ne. Ni ya yi wa takwara. Na je sunan, aka zaunar da ni a kan darduma ta gaba, aka kawo mini cinyar ragon, na kuwa ci.