Man Riɗi da Kurkum a Dunduniyata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Maman Rukayya daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Tun bara ciwon dunduniya ya hana ni tsayuwar sallah, sai dai in yi ta a kan kujera, abin da ke ci mini rai. Wata rana ina yi wa autata Rukayya faɗa a kan danna waya, sai ta ce, "Umma, maganin gargajiyar Indiya nake nema miki. Sun ce a ɗumama man riɗi da kurkum a murza ƙafa."

Na ce, "To likitar waya, zo mu gani."

Ta sayo su a kasuwar Tarauni. Kullum bayan la'asar muna zama a inuwar darbejiya, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana murzawa. Da na lumshe ido sai in gan ni budurwa, ina tafiya ba takalmi a kan koren tsauni irin na finafinan Indiya, ciyawa tana sanyaya mini tafin ƙafa. Jiya na yi azahar a tsaye, alhamdulillahi.

'Yan mata, ku ji tsoron Allah! Ku ajiye waya ku riƙe ƙafar uwayenku tun suna raye.

Malam, a tambayar mini likitan shirin nan: man ne yake aiki, ko hannun yarinyar? Don ranar Asabar za ta koma makaranta Zariya, man kawai za ta bar mini.