Ƙusoshin Filin Ƙwallo

A filin ƙwallon Bamiyan, tsoho Nawruz ya tare wani baƙo mai yawo da injin neman ƙarfe.

"Bawan Allah, nan jikokina ke wasa. Ramuka za ka bar musu?"

"Na tona da yawa, Baba. Gano ɗaya, injin ya zama naka."

Nawruz ya duƙa ya shafa ciyawar. Ko alama babu.

"Ikon Allah! Ina ka koyi wannan?"

"Wurin cire nakiyoyi. Can mai garaje ba ya komawa gida."

"To yanzu me kake nema, zinariya?"

Baƙon ya buɗe tafinsa, sai ga ƙusoshi masu tsatsa.

"Yaran nan ba su da takalma."

Yatsu uku suka rage a hannun. Nawruz ya kama shi, ya ɗora a goshinsa.