Littafin Da Na Ɗinka Wa Riga

Shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyarmu ta teloli, malamarmu ta Turanci, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana ma'abota keke da almakashi, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗakin karatu, ina godiya ga waɗanda suka cika mana kantocinsa, ina kuma roƙon ku yi haƙuri da ni, domin yau murna ta hana ni tsayawa wuri guda.

Da farko, ku dubi abin da aka tanadar mana. Kanta ta ƙasa, littattafan nahawun Turanci ne na masu farawa. Ta tsakiya ta waɗanda suka fara haɗa jimla ce, ta sama kuwa ta masu rubuta wasiƙa da rahoto. Ga takardun atisaye da amsoshinsu a baya, ga kwamfuta biyu da za su tambaye ka, su gyara maka, ba tare da sun yi maka dariya ba.

Na biyu, kada ku yi irin wautata. Shekara talatin ina taka keke, amma da cibiyar koyar da sana'a ta nemi malamin ɗinki, aka ce sai na ci jarrabawar Turanci a rubuce. Na faɗi sau biyu, dama ɗaya ta rage mini. Kun san halinmu na teloli: in aka kawo mana ɗinkin yara, sai mu ƙara inci uku, mu ce za su girma su cike. To haka na yi wa kaina. Na sayi littafin mataki na uku, na ce zan girma in cike shi. Wata huɗu ina fama, ko shafi goma ban haye ba.

Da na kai kukana wajen Malama, ta ce, "Baba, kana yanka yadi ba ka auna mutum ba?" Na ce, "Allah ya kiyaye." Ta ce, "To zauna in auna ka." Tambaya ashirin ta ba ni, na ci huɗu. Sai ta miƙo mini littafin farko, mai hoton kyanwa da ƙwallo, irin wanda jikata ke zuwa makaranta da shi.

Jama'a, na ji kunya. Ni da furfurata! Na samu ragowar yadi na ɗinka wa littafin nan riga, har da zif, don kada 'yan layinmu su gani. Maƙwabcina mai guga ya ce, "Baba, me kake ɓoyewa haka?" Na ce, "Samfurin ɗinki ne, je ka kula da gawayinka."

Na uku, wanda shi ne ya tsayar da ni a gabanku: cikin wata tara na gama littafin farko, na gama na biyu, na sake zama jarrabawar. Jiya takardar sakamako ta iso, kuma ba wanda ya karanta mini ita, ni na karanta da kaina. Na ci! Ranar Litinin zan fara koyarwa.

Ga littafin nan a hannuna. A gabanku zan zuge zif ɗin, in tuɓe masa rigar, in ajiye shi a kanta ta ƙasa. Na rubuta sunana da shekaruna a bangonsa, domin duk dattijon da kunya ta kama ya ga wanda ya riga shi.

Allah ya saka wa Malama da alheri, ya albarkaci wannan ɗaki, ya buɗe mana ƙwaƙwalwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.