Ranar da Aka Sallami Marquel

Tashar bas ta Hattiesburg, ƙarshen Agusta. Wata dattijuwa ta ƙura wa wayarta ido. Kusa da ita akwai wani mai tumbi, irin gwanayen da ke buga ƙwallo daga kan kujera.

"Mama, wannan kallo ai sai ya fasa wayar."

"Yau ƙungiyoyi ke rage 'yan wasa. Ɗana Marquel mai tsaron baya ne, irin masu tarar ƙato a guje su kayar da shi. Wanda ya kai ƙarfe huɗu koci bai kira shi ofis ba, ya tsira."

"Mai lamba hamsin da huɗu? Ke kika haifi wannan bijimin? Bara ya yi karo da wani, har ni na ji a haƙorina! Shekara tara yana fasa mutane. Kwantar da hankalinki, ba mai taɓa shi."

Wayar ta yi ƙara. Ta saurara.

"To, ɗana. Taho gida." Ta kashe. "An ce ya miƙa littafin dabarun wasa. Sun sallame shi."

"Marasa mutunci! Sannu, Mama. Kafin gobe wata ƙungiyar ta ɗauke shi."

"Rufe mini baki, bawan Allah! Wata huɗu ina durƙuso a coci ina roƙo a kore shi, don karon nan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ranar Ista ya ɗora 'yarsa a cinya, ya juyo yana tambayata sunanta."

Gwanin ya daɗe yana sosa ƙeya.

"To... barka?"

"Yauwa. Sai yanzu ka yi magana."