Tawadar Buhun Koko

Nzoku: Alo? Yaya Mekam? Nzoku ne, daga gidan wayar Nkongsamba.

Mekam: Wa? Ɗaga murya... Autan Mama! Saukar yaushe? Ya hanya?

Nzoku: Lafiya lau, sati biyu ke nan. Ya Duwala, ya aikin asibiti, ya yara?

Mekam: Shekara shida a gonakin koko na tsibirin Fanando Fo ba ko wasiƙa, ɗan nema! Ya ka samu gari?

Nzoku: Ban gane shi ba. An sare mangwaron ƙofar gida, makarantarmu ta zama barikin jandarma, Bature ya kewaye gonar kofin Mama da waya. Matan da na bari suna tallar gwaza, yau koke suke aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mekam: Sassauta, mai haɗa layi na ji. Ina Mama?

Nzoku: Yaya... an kama ta. Su goma sha tara.

Mekam: Wayyo ni! Garin yaya?

Nzoku: Ni na rubuta musu koken gonaki, mata sittin suka dangwala yatsa. Da baƙin tukunya da manja suka saba. Na ce wannan ƙauyanci ne, wa zai girmama takarda mai warin miya? Na ɗauko tawadar da muke shaida buhun koko da ita.

Mekam: Kai, sakarai! Ka zaci ba su san tawada ba? Baƙin tukunya wanki ɗaya yake fita!

Nzoku: Mun goga lemon tsami, kananzir, har dutse, ta ƙi fita. Jiya jandarma suka rufe kasuwa, suka ce kowacce ta ɗaga hannu.

Mekam: Ina takardar?

Nzoku: Cikin takalmina. Sun ce in an kawo ta za a sake su.

Mekam: To kai musu mana! Tsohuwa mai tari a kan siminti?

Nzoku: Da sunayen sauran arba'in da ɗaya a ciki? Na kai mata abinci, ta ce in na miƙa, in nemi wata uwar. Ta ce in haye kogin Mungo zuwa Kumba in aika ta daga can, ɓangaren da Ingilishi ke mulki ba a buɗe wasiƙa.

Mekam: Wato sake tafiya za ka yi, ka bar ta!

Nzoku: Motar ayaba na jirana. Ki zo gobe, ki taho mata da bargo.

Mekam: Tsaya! Akwai shinge a gada. Kai naka yatsan fa?

Nzoku: Duka goman sun rine, Yaya. Ni na riƙe musu kwalbar.

Mekam: Nzoku, kar ka... Alo? Alo!